Yadda Bairus Dangin Hapis Ke Amfani da Makarɓan Saƙo na Kansu a Cikin Ƙwayoyin Jikin Ɗan'adam

1.0 Gabatarwa

Mazauna Darmanawa da Gyadi-Gyadi da sauran unguwannin Ƙaramar Hukumar Tarauni maƙwabta ne ga Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988, yake kuma bakin titin Zariya. A wannan asibiti an fara aikin dashen ƙoda a 2002, a nan kuma ake duba masu ɗauke da cutar ƙanjamau da masu fama da sankara iri dabam-dabam. Waɗannan majinyata, duk da cewa larurorinsu sun bambanta, abu guda ya haɗa su, watau raunin garkuwar jiki. Wanda aka yi wa dashe da gangan ake raunana garkuwarsa da magani don kada jikinsa ya ƙi baƙuwar ƙoda, mai ƙanjamau kuwa cutar ce take cinye tasa. A irin wannan hali ne waɗansu ƙwayoyin cuta da suka shekara suna likimo a cikin jiki suke farkawa, kuma manya daga cikinsu su ne bairus dangin hapis.

Manufar wannan takarda ita ce a bayyana wata dabara guda da waɗansu daga cikin wannan dangi suke amfani da ita. Sukan ƙera wa kansu makarɓin saƙo irin na ɗan'adam, su dasa shi a jikin ƙwayar da suka kama, sa'an nan su riƙa ba ta umarni ta bakinsa. Za a nuna yadda wannan makarɓi ya saɓa wa namu, da irin ɓarnar da yake jawowa, da kuma dalilin da ya sa masu bincike suke ganin ta nan ne za a iya cim ma cutar a maɓoyarta.

2.0 Kalmomin da Aka Yi Amfani da Su

Da yake wannan fanni bai daɗe da shigowa Hausa ba, ya kamata a daidaita waɗansu kalmomi tun da fari. Ƙwayar jiki ita ce ƙaramar halittar da aka gina dukan gaɓoɓi da ita, tana kuma lulluɓe da wani siririn tantani wanda ya raba cikinta da wajenta. Bairus ƙwayar cuta ce wadda ba ta iya hayayyafa sai a cikin ƙwayar jikin wani. Kundin gado shi ne dogon zaren DNA mai ɗauke da umarnin halitta, kowane yanki nasa da ya ƙunshi umarnin ƙera furotin guda kuwa za mu kira shi yankin gado. Makarɓi furotin ne da ke zaune a jikin tantani, yana karɓar saƙo daga waje yana isar da shi ciki, jam'insa makarɓa. Kemokin kuma wani ƙaramin furotin ne da jiki ke saki don kiran fararen ƙwayoyin jini zuwa inda ake bukatarsu.

3.0 Dangin Hapis

Bairus dangin hapis da ke kama ɗan'adam takwas ne, ko tara in an raba na shidan gida biyu kamar yadda ake yi yanzu. Masana sun kasa su gida uku. Gidan farko ya ƙunshi wanda ke fesowa a leɓe bayan zazzaɓi, da ɗan'uwansa na al'aura, da kuma mai haddasa ƙarambau. Gida na biyu ya ƙunshi saitomegalo, wanda ake taƙaitawa da CMV, da na shida da na bakwai. Gida na uku kuwa ya ƙunshi bairus na Epstein da Barr, watau EBV, da mai haddasa sankarar Kaposi, watau KSHV.

Halin da ya game su duka shi ne, in sun shiga jiki ba su fita har abada. Suna da yanayi biyu: lokacin hayayyafa, inda suke ƙera 'ya'ya masu yawa su fasa ƙwayar su fito, da lokacin likimo, inda suke kwanciya shiru ba su ƙera kome sai 'yan furotin kaɗan. A ƙasashenmu na Afirka ana kamuwa da CMV da EBV tun ana yara, ta hanyar yawu da nono da cuɗanyar gida, har ya zama mafi yawan manya suna ɗauke da su ba tare da sun sani ba. Gida na biyu da na uku su ne kaɗai aka samu suna ɗauke da makarɓan da wannan takarda take magana a kai. CMV yana da huɗu, watau US28 da US27 da UL33 da UL78. Na shida da na bakwai suna da U12 da U51. KSHV yana da ORF74. EBV kuma yana da BILF1.

4.0 Yadda Saƙon Kemokin Ke Tafiya a Jiki Mai Lafiya

Ba za a gane dabarar bairus ba sai an san tsarin da ya kwaikwaya. Idan ƙaya ta soki mutum, ƙwayoyin wurin sukan saki kemokin, ya bazu, ya fi yawa a bakin raunin, yana raguwa gwargwadon nisa. Fararen ƙwayoyin jini sai su bi inda ya fi yawa har su iso, kamar mai bin ƙamshin turare har ya kai ga kaskon. Jikin ɗan'adam yana da kemokin wajen 50 da makarɓansu wajen 20, an kuma kasa su aji huɗu bisa ga ƙirarsu: CC da CXC da CX3C da XC.

Makarɓin kemokin zare ne na furotin wanda ya ratsa tantani sau bakwai, kansa a waje, wutsiyarsa a ciki. Ana iya kwatanta shi da Sarkin Ƙofa a garin da ke da ganuwa. Manzo yakan tsaya a waje ya faɗa masa saƙo, shi kuma ya juya ya gaya wa ɗan aiken da ke ciki. Wannan ɗan aike shi ne furotin G, wanda Alfred Gilman da Martin Rodbell suka sami lambar Nobel a 1994 saboda gano shi, kamar yadda Robert Lefkowitz da Brian Kobilka suka samu a 2012 saboda bayanin makarɓan da ke aikensa. Furotin G iri-iri ne. Gq yakan sa a saki sinadarin kalsiyam a cikin ƙwaya, Gi yakan rage wani sinadarin aike da ake kira cAMP, G12 kuwa yakan motsa ƙashin ginin ƙwayar har ta yi tafiya.

Akwai ƙa'idodi uku da makarɓin ɗan'adam yake kiyayewa. Na farko, ba ya aika kowa sai manzo ya zo. Na biyu, galibi manzannin aji ɗaya yake saurara. Na uku, in ya isar da saƙo, wani furotin mai suna arestin yakan toshe bakinsa, a janye shi ciki ya huta, don kada kira ya zarce har ya zama kumburi mara dalili. Makarɓan hapis sun karya waɗannan ƙa'idodi, kowanne ta fuskarsa. Ana kuma kyautata zaton cewa asalinsu daga kundin gadon dabbobin da bairus ɗin suka daɗe suna zaune a jikinsu aka kwaso su, sa'an nan suka sāke a tsawon zamani.

5.0 Makarɓa Uku da Aka Fi Sani

5.1 US28 na CMV

A 1990 ne masu bincike a Kambirij ta Ingila suka gama karanta kundin gadon CMV, suka ga waɗansu yankunan gado masu kama da na makarɓan ɗan'adam. A 1993 da 1994 aka tabbatar a Amurka cewa US28 yana kama kemokin da gaske. Kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙirarsa ya yi daidai da ta makarɓanmu, amma halinsa dabam ne. Yana kama kemokin da yawa na ajin CC, kamar CCL2 da CCL5, a 1998 kuma aka gano a Kofanhegan yana kama CX3CL1, wanda yake na wani aji ne dabam, kamu mai ƙarfi ƙwarai.

Aikinsa na farko shi ne haɗiye kira. US28 ba ya zama a bakin tantani. Kullum yana shiga ciki yana komowa, mafi yawansa ma a ciki ake samunsa. Duk shigar da zai yi yakan tafi da kemokin da ya kama. An nuna a 1998 cewa ƙwayoyin da CMV ya kama suna rage yawan kemokin da ke kewaye da su, watau ke nan ana ta kururuwar neman gudummawa, amma ba ta isa kunnen fararen ƙwayoyin jini yadda ya kamata.

Aikinsa na biyu shi ne aike ba tare da manzo ba. A 2001 masu bincike a Amsterdam suka nuna cewa US28 yana tayar da Gq ko da babu kemokin ko ɗaya, daga nan saƙon ya kai ga NF-kB, wani furotin da ke buɗe yankunan gadon kumburi da na tsawaita ran ƙwaya. In kuma kemokin ya zo, sai saƙon ya ɗauki wata hanya. A 1999 an ga cewa ƙwayoyin naman bangon jijiyar jini masu ɗauke da US28 sukan tashi su bi kemokin, abin da ya sa ake danganta shi da ƙuntatar jijiyoyin gaɓar da aka dasa, wadda take cikin dalilan lalacewar dashe bayan shekaru.

Aikinsa na uku shi ya fi ba da mamaki. CMV yana likimo ne a ƙwayoyin ɓargo da wani nau'in fararen ƙwayoyin jini da ake kira monosait, US28 kuwa yana cikin 'yan furotin kaɗan da yake ƙerawa a wannan hali. Binciken da aka buga a 2015 da 2017 ya nuna cewa a cikin waɗannan ƙwayoyi US28 danne NF-kB da 'yan'uwansa yake yi, don bairus ya ci gaba da kwanciya. In an cire masa shi, sai ya kasa likimo ya shiga hayayyafa. Ashe makarɓi guda yana hura wuta a wata ƙwaya, yana kashe ta a wata. Saboda haka duk sakamakon da aka samu a kan wani nau'in ƙwaya, bai kamata a ɗora shi a kan wani nau'in ba sai an gwada.

5.2 ORF74 na KSHV

Moritz Kaposi ya bayyana sankarar da ake kira da sunansa a Biyana a 1872. An san ta a tsakiya da gabashin Afirka tun kafin ƙanjamau, amma ta yawaita ƙwarai bayan ɓullar ƙanjamau a 1981, wanda aka ba da rahotonsa na farko a Nijeriya a 1986. Tana fitowa a fata kamar tabo ko ƙurji mai duhu, sau da yawa a ƙafa ko a cikin baki, tana kuma iya shiga huhu da hanji. Yuan Chang da Patrick Moore suka gano bairus ɗin da ke haddasa ta a birnin New York a 1994.

ORF74 ya fi kama da CXCR2, makarɓin da ke kiran fararen ƙwayoyin jini zuwa wurin rauni. A 1997 aka nuna cewa shi ma yana aike ba tare da manzo ba, a 1998 kuma aka nuna yana sa ƙwaya ta saki VEGF, sinadarin da ke tsiro da sababbin jijiyoyin jini. A 2000 aka saka wa ɓeraye wannan yankin gado shi kaɗai, suka fitar da ƙari mai kama da na Kaposi. Kemokin ɗinmu suna iya ƙara masa ƙarfi ko su rage: CXCL1 yana ƙarawa, CXCL10 da CXCL12 suna ragewa.

Akwai wata matsala da ta daɗe tana ɗaure wa masana kai. A lokacin hayayyafa kaɗai ake ƙera ORF74, ƙwayar da ta shiga wannan hali kuwa mutuwa za ta yi, to yaya mai mutuwa za ta zama sankara? Amsar da aka fi yarda da ita ita ce, ƙwayoyi kaɗan ne a cikin ƙarin suke ɗauke da ORF74, amma sinadaran da suke saki kafin su mutu su ne suke ingiza maƙwabtansu su yi ta rarrabuwa, suna kuma jawo jijiyoyin jini da kumburi. Shi ya sa ƙarin Kaposi yake cike da jini. Ɗaya daga cikin hanyoyin da wannan saƙo ke bi ita ce ta wani furotin mai suna mTOR, za a kuma ga amfanin sanin haka nan gaba.

5.3 BILF1 na EBV

Denis Burkitt ya bayyana sankarar muƙamuƙin yara a Yuganda a 1958, cutar da ta fi yawa a inda zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu, har da Nijeriya. A 1963 Robert Pulvertaft ya raya ƙwayoyin wannan sankara a Ibadan, aka sami zuriyar ƙwayoyin da ake kira Raji, waɗanda har yau ake aiki da su a ɗakunan bincike na duniya. A 1964 Anthony Epstein da Yvonne Barr da Bert Achong suka ga bairus ɗin a Landan.

An tabbatar a 2005 cewa BILF1 makarɓi ne mai aiken Gi ba tsayawa. Ba a samo kemokin da ke kama shi ba, hoton ƙirarsa da aka buga a 2021 kuma ya nuna dalili: wani lanƙwasasshen sashe nasa ya rufe gurbin da manzo zai tsaya, ya zama shi ne manzon kansa. Babban aikinsa da aka sani tun 2009 shi ne janye MHC na ajin farko daga bakin tantani. Wannan furotin shi ne allon da kowace ƙwaya take baje samfurin abin da ke cikinta, don fararen ƙwayoyin jini masu kisa su duba. In an sauke allon, sai masu sintiri su wuce ba su ga alamar baƙo ba. Haka kuma BILF1 yana manne wa CXCR4, makarɓin ɗan'adam, ya hana shi amsa kira yadda ya kamata.

Ya kamata a lura cewa EBV da KSHV an tabbatar suna haddasa sankara a jikin mutum. CMV kuwa ba a sa shi a wannan sahu ba, ko da yake an ga US28 ya jawo ƙari a jikin ɓeraye a 2006.

6.0 Abin da Wannan Ke Nufi ga Jinya

Magungunan CMV da ake da su, kamar ganciclovir wanda aka amince da shi a 1989 da letermovir na 2017, suna toshe hanyar hayayyafa ne. Bairus mai likimo ba ya hayayyafa, saboda haka ba su taɓa shi, da zarar an daina shan magani yana iya tashi. Ga wanda aka yi wa dashen ƙoda wannan hatsari ne ta fuska biyu, domin akwai bairus ɗin da ke jikinsa, akwai kuma wanda ya zo a cikin ƙodar. Ga mai juna biyu kuma, CMV da ya ratsa zuwa ga tayi shi ne kan gaba cikin cututtukan da ke kurmantar da jarirai ba ta hanyar gado ba, har yanzu kuwa babu allurar rigakafinsa da aka amince da ita.

A nan ne dabarar bairus ta zama rauninsa. Tun da US28 yana leƙowa bakin tantani ko a lokacin likimo, ƙwayar ɗan'adam mai lafiya kuwa ba ta da shi, to ya zama shaida da ke nuna gidan da ɓarawo ya ɓuya. An bi hanyoyi biyu. Ta farko, a 2015 aka ɗauki CX3CL1 aka ɗan sāke shi don ya fi son US28 a kan makarɓin mutum, aka ɗaura masa guba. US28 da halinsa na haɗiya sai ya shigar da gubar, ƙwayar ta mutu. A 2017 an nuna yana kashe monosait masu ɗauke da bairus mai likimo, a Toronto ta Kanada kuma an gwada wanke huhun da aka cire daga jiki da shi, bairus ɗin da ke iya tashi ya ragu. Ta biyu ta samo asali daga raƙumi. A 1993 aka ba da rahoto daga Beljiyam cewa jinin raƙumi yana da wani irin furotin garkuwa mai sauƙin ƙira, wanda ake iya yanko ƙaramin kansa a yi aiki da shi. An ƙera irin wannan don ya rage aiken US28, bairus ya ɗan motsa daga likimo, garkuwar jiki ta gan shi ta kashe ƙwayar. Dukan hanyoyin biyu suna matakin gwaji ne, ba su zama maganin asibiti ba tukuna.

Akwai kuma inda ilmin ya riga ya yi amfani. A 2005 likitoci a Italiya suka ba da rahoton mutum 15 da aka yi wa dashen ƙoda suka kamu da sankarar Kaposi. Da aka canja musu maganin danne garkuwa daga cyclosporine zuwa sirolimus, wanda ke toshe mTOR, tabon fatarsu ya ɓace cikin wata uku, ƙodar kuma ta ci gaba da aiki. Bugu da ƙari, an riga an san makarɓan kemokin suna karɓar magani, domin maraviroc, maganin ƙanjamau da aka amince da shi a 2007, makarɓin CCR5 yake toshewa.

7.0 Kammalawa

An nuna a wannan takarda cewa CMV da KSHV da EBV suna dasa makarɓa na kansu a jikin ƙwayar da suka kama, makarɓan kuma suna aike ba tare da an aiko su ba, suna haɗiye kiran garkuwar jiki, suna sauke allon shaida, suna tsiro da jijiyoyin jini. An kuma nuna cewa sakamakon aikensu ya dogara ga irin ƙwayar da suke ciki.

Daga wannan akwai shawarwari uku ga mahalarta. Na ɗaya, duk inda ake dashe ko ƙarin jini ga mai raunin garkuwa, a ɗauki gwajin CMV na mai bayarwa da mai karɓa da muhimmanci, a kuma riƙa duba fata da bakin majinyaci saboda tabon Kaposi. Na biyu, yankunan gadon bairus sukan bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, don haka yana da kyau jami'o'inmu su karanta US28 da ORF74 na nau'o'in da ke yawo a Kano da Katsina da Sakkwato da Maraɗi, domin a san ko magungunan da ake ƙerawa a waje za su kama su. Na uku, malaman kimiyya da na harshe su zauna tare su daidaita kalmomin wannan fanni, domin likita ya iya yi wa majinyaci da danginsa bayani da Hausa a kan abin da ya sa za a ci gaba da gwada jininsa watanni bayan an sallame shi daga asibiti.